Ikon Ɗan Sanda da Iyakarsa: Daga Shingen Hanya Zuwa Gaban Alƙali

Abu uku ke kai mutum caji ofis: ko ya je kai ƙara, ko an kai ƙararsa, ko ya je karɓo wani nasa da aka tsare. A duk ukun, yawancinmu da faɗuwar gaba muke zuwa, da ɗan abin da muka ƙulle a aljihu, ba mu san abin da doka ta ba ɗan sanda ba, balle abin da ta hana shi. Alhali ikonsa a rubuce yake dalla-dalla, tun daga tsayar da mota a kan titi har zuwa gurfanar da mutum gaban alƙali, kuma kowane mataki da inda aka ce ya tsaya. Matakan nan za mu bi, yadda suke a Nijeriya. Sai dai tsoron da muke yi wa kaki yana da asali, don haka bari mu ɗan waiwaya.

Daga dogari zuwa ɗan sanda

Kafin zuwan Turawa, dogarai ne ke riƙe da wannan aiki a ƙasar Hausa, ƙarƙashin Sarkin Dogarai. Su ke kamo mai laifi, su kai shi gaban alƙali, su zartar da hukunci. Ikonsu na sarki ne, wanda ya ja da dogari kuwa da sarki ya ja.

Ɗan sanda mai kaki daga Legas ya faro. A 1861, shekarar da Ingila ta karɓe garin, aka kafa wata 'yar rundunar tsaro ta mutum 30. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya shiga tara Hausawan da ke zaune a can, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga. Zuwa 1879 rundunar Hausawa ta kai mutum 1,200, har an je da wasunsu yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Dabarar Turawa a bayyane take: baƙo ya tsare 'yan gari, don ba shi da ɗan'uwa ko suruki a cikinsu da zai ji nauyinsa. Kamfanin Royal Niger ma ya kafa tasa rundunar mai hedikwata a Lakwaja. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai ranar 1 ga Afrilun 1930 aka haɗe 'yan sandan ɓangarorin biyu suka zama runduna ɗaya. Ke nan tun fil azal don kare gwamnatin baƙi daga mutanen ƙasa aka gina ta, kuma ɗan ƙasa bai shugabance ta ba sai a 1964, lokacin da aka naɗa Louis Edet.

Amma talakan Arewa bai cika haɗuwa da waɗannan ba, in ba a bariki ko Sabon Gari ba. Shi 'yan doka ya sani, wato 'yan sandan En'e, waɗanda aka tsamo daga tsarin dogarai aka sa musu kaki. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, muƙamin da marigayi Ado Bayero ya riƙe a Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya zama jakada, sannan Sarki. 'Yan doka sun san gari ciki da bai, sun san ɓarawon kowace unguwa da sunan ubansa. Illarsu ita ce sun zama sandar dukan 'yan hamayya. Tsofaffin 'yan jam'iyyar NEPU suna da labarai a kan wannan. A Jihar Yamma ma haka 'yan sandan ƙananan hukumomi suka yi. Hukumar Willink da ta binciki koken ƙananan ƙabilu ta ba da shawara a 1958 cewa a riƙe runduna ɗaya ta tarayya. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta soma rushe 'yan doka, ta shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar tarayya, aikin da ya kai farkon shekarun 1970.

Wannan tarihi ne ya haifi sashe na 214 na tsarin mulkin 1999, wanda ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. Duk muhawarar 'yan sandan jihohi a kan wannan sashe take. Masu so suna da hujja, don kurtun da aka kawo daga nesa bai san dajin Zamfara ba. Masu ƙi ma suna da tasu, sun tuna 'yan doka.

Wa ke saman wa

Sanin wannan tsani yana da amfani, don shi za ka taka in an zalunce ka. A ƙasa akwai ƙaramin ofis na ƙauye ko unguwa. Samansa akwai babban caji ofis na yanki, ƙarƙashin DPO. Caji ofis da yawa suna ƙarƙashin Kwamandan Yanki, wanda ake kira Eriya Kwamanda. Sama da shi sai Kwamishinan jiha. Na Kano a Bompai yake zaune. Jihohi kuma an kasa su shiyya-shiyya, guda 17 tun 2020, kowace da Mataimakin Sufeto Janar: Kano ce Shiyya ta 1, Sakkwato ta 10, Bauchi ta 12, Katsina ta 14, Maiduguri ta 15. Ƙololuwa ita ce Sufeto Janar a Abuja, wanda Shugaban Ƙasa ke naɗawa bisa shawarar Majalisar 'Yan Sanda, wadda duk gwamnoni ke ciki.

Gwamna yana iya ba Kwamishina umarni kan tsaron jiharsa, amma sashe na 215 ya bai wa Kwamishina damar cewa a fara jin ta bakin Shugaban Ƙasa. Shi ya sa gwamnoni ke kukan cewa suna sayen motocin sintiri amma linzamin na hannun wani. Ɗauka da ƙarin girma da kora kuwa aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne, wadda ke zaman kanta, ba ta ƙarƙashin Sufeto Janar.

Ka koyi karanta kafaɗa da hannun riga. Igiya biyu kofur, igiya uku saje, sai sufeto, sannan masu anini, waɗanda su ne manyan jami'ai. A cikin caji ofis, mutum uku ne za su shafe ka: wanda ke kanta mai rubuta ƙara, sai ɗan sanda mai bincike da ake kira IPO, sai DPO. Mai bincike shi ke riƙe da fayil ɗinka, amma sakinka ko tsare ka a hannun DPO yake. Mutane da yawa kan ɓata yini suna lallashin kofur a kan abin da ba shi da ikon yankewa.

Ba duk mai kaki ne ɗan sanda ba. Hisba, da KAROTA, da 'yan sintirin unguwa, da askarawan da wasu jihohi suka kafa, kowa da dokar da ta kafa shi ko rashinta. Ɗan banga bai wuce kowane ɗan ƙasa iko ba: yana iya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma wajibi ne ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Ba shi da hurumin ɗaure mutum a ɗaki ya kwana, balle duka.

Dokokin da za ka riƙe

Uku ne manya. Tsarin mulkin 1999, musamman sashe na 33 zuwa na 37. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1943. Sai Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Ita wannan a Abuja da kotunan tarayya take aiki, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, da 'yan bambance-bambance. Abin da ke tafe daga waɗannan aka ciro shi.

A kan hanya

Ɗan sanda yana da ikon tsayar da kai, ya nemi takardun mota, ya caje ka in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin kana ɗauke da kayan sata ko haramtaccen abu. Dalilin ne ƙashin bayan maganar. Dokar 2020 ta fayyace cewa askin mutum, ko tufafinsa, ko shekarunsa, ko launin fatarsa ba sa zama dalilin zargi. Saurayi mai tara suma bai yi laifi ba, haka Bafulatanin da ya shigo kasuwa da sandarsa. Kafin a caje ka, kana da haƙƙin sanin sunan jami'in da ofishinsa da abin da yake nema. Mace kuwa 'yar'uwarta mace ce ke caje jikinta.

Waya fa? Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da maganarka ta tarho, kuma a watan Oktoban 2020, kwanaki kaɗan kafin a rushe rundunar SARS, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya hana binciken wayoyi da kwamfutocin jama'a barkatai. Ba a amsar waya a bakin titi a shiga laluben saƙonni don neman abin kamawa.

Duk da haka, bakin titi ba wurin cin gardama ba ne. Ka rage gudu, ka tsaya, in dare ne ka kunna fitilar cikin mota, hannunka a inda ake gani. In za a buɗe but, ka sauko ka tsaya a kai da idonka. Ka karanta sunan da ke ƙirjinsa da lambar motar sintirin, ka riƙe a ka. In ya nemi abin da ba haƙƙinsa ba, ka ce, "Yallaɓai, in akwai laifi mu je ofis," cikin sanyin murya. Kada ka fizge, kada ka ture, kada ka gudu. Dukan ɗan sanda ko hana shi aiki laifi ne mai tarar naira 500,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kuma mai gaskiyar da ya ɗaga hannu ya riga ya zubar da gaskiyarsa.

Kamu

Mutane da yawa sun ɗauka sai da waranti ake kamu. A'a. Ɗan sanda na iya kama wanda ya aikata laifi a gabansa, ko wanda yake da dalilin zargi a kansa, ba tare da takardar kotu ba. Iyakokin a wani wuri suke. Dole a gaya maka dalilin kamun nan take, in ba an kama ka dumu-dumu ba. Dole a gaya maka kana da ikon yin shiru har sai ka ga lauya ko wani da ka zaɓa. Dole a sanar da danginka inda kake, kuma ba kai za ka biya kuɗin sanarwar ba. Ba a sa wa mutum ankwa sai in ana tsoron zai yi faɗa ko ya tsere, ko don lafiyarsa, ko da umarnin kotu.

Akwai haramci biyu da ya kamata kowane mai unguwa ya haddace. Na farko, ba a kama wani a madadin wani. A zo neman yaro a rasa shi, a tafi da uwarsa ko matarsa ko ƙanensa "har sai ya kawo kansa": sashe na 7 na ACJA da na 36 na Dokar 'Yan Sanda sun haramta wannan ƙarara. Na biyu, ba a kama mutum kan rikicin da ba laifi ba ne, kamar bashi ko saɓa alkawarin ciniki.

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, don mu ne ke kai wannan aiki. Tela ya karɓi shadda bai gama ba har Sallah ta wuce, sai a ɗauko masa ɗan sanda. Abokin ciniki ya karɓi buhu goma na masara zai biya bayan kasuwa, kasuwa ta faɗi, sai a kai shi bayan kanta, a ce ba zai fita ba sai 'yan'uwansa sun kawo rabi sun sa hannu kan sauran. Don a halasta abin sai a laƙa masa "zamba" ko "cin amana". Bambancin kuwa a fili yake: wanda ya karɓi kayanka da ƙarya tun farko, da niyyar ba zai biya ba, ya yi laifi, wanda ya karɓa da gaskiya ya kasa biya, bashi ake binsa, kuma wurin bashi kotu ne, ta majistare ko ta Musulunci. Kotunan Nijeriya sun sha nanata cewa 'yan sanda ba masu karɓar bashi ba ne, kuma sukan ci wanda ya kai ƙarar tara tare da su. Wanda ya saya wa kansa ɗan sanda yau, gobe wanda ya fi shi kuɗi zai saye shi a kansa.

In an zo gida

Binciken gida, a ƙa'ida, da warantin alƙali ko majistare ake yinsa. Ka nemi a nuna maka, ka duba adireshin da abin da aka ce a nema. Ana yin binciken a gaban shaidu, kana kuma iya kiran maƙwabci ko mai unguwa ya tsaya. Duk abin da aka ɗauka a rubuta shi, a sa hannu, a ba ka kwafe. Ba laifi ba ne ka roƙi masu shigowa su nuna aljihunsu tukuna. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. In ana bin wanda ake zargi ya faɗa gida, suna iya shiga ba waranti. Amma ko a nan doka ta san gidan Bahaushe: in ɗakin na matar kulle ne, wajibi ne a yi mata magana, a ba ta damar kimtsawa ta fita kafin a shiga.

A kanta, da rubuta bayani

Da an iso, za a karɓi abin da ke jikinka: waya, kuɗi, agogo, bel. Ka tsaya a lissafa a rubuta a gabanka, ka sa hannu, don kana da haƙƙin kwafen wannan lissafi. Ka tabbata an shigar da sunanka da lokacin da aka kawo ka a rajista. Daga wannan lokaci ake fara ƙirga awanni, kuma wanda ba a rubuta ba, ana iya cewa ba a taɓa ganinsa ba.

Sai sitatimen, inda mafi yawan shari'u ke lalacewa tun ba a je kotu ba. Ga yadda abin kan kasance. Mai bincike na zaune da fom da biro, kai kana tsugune, yana tambaya da Hausa yana rubutawa da Turanci. Ka ce, "Na karɓi babur ɗin a hannunsa, ban san na sata ba ne." Ya rubuta rabin farko, ya bar na biyu. Ya juyo da takardar, ya nuna ƙasa da ɗan yatsa: "Dangwala nan ka tafi gida." Ka dangwala. Bayan wata takwas a karanta ta gaban alƙali, ka ji kanka kana amsa laifin da ba ka taɓa amsawa ba.

Maganin wannan yana cikin doka. Ba dole ba ne ka ba da bayani. In ka zaɓi bayarwa, ana iya ɗaukarsa a gaban lauyanka, in babu, a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko wani da ka yarda da shi. In ba ka jin Turanci, a kawo tafinta, ya karanta maka abin da aka rubuta da harshenka, shi ma ya sa hannu. In kana iya rubutu, rubuta da kanka, ko da Hausa ne. Kada ka sa hannu a farar takarda, kada ka bar fili tsakanin ƙarshen bayani da sa hannunka. Ja layi ka cike shi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, zan yi bayani, amma sai yayana ya zo." Za a iya yi maka tsawa. Tsawar minti goma ta fi shekara biyu a gidan yarin Kurmawa sauƙi.

Duka, ko rataya, ko hana barci, ko barazana ga iyali don a tatsi magana, laifi ne a ƙarƙashin Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, mai ɗaurin da ya kai shekara 25, kuma "umarni aka ba ni" ba ya wanke wanda ya yi. Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar tursasawa. Amma sai an faɗa: lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, a lokacin ake cewa an tilasta ni, sai kotu ta tsaya ta binciki yadda aka same ta. Wanda aka daka ya je asibiti da zarar ya fito, ya adana katin da hoton raunin.

Kwana nawa, kuma nawa ne beli

Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Cikin awa 24 kuma a ba shi dalilin tsarewar a rubuce da harshen da yake ji. Shi ya sa ake tsoron kamun yammacin Juma'a, don an san kotu ba za ta zauna ba sai Litinin. To ko a nan, in laifin ba na hukuncin kisa ba ne kuma ba za a iya kai shi kotu cikin awa 24 ba, aikin DPO ne ya ba da belinsa.

Beli kyauta ne, kamar yadda ake rubutawa a bangon caji ofis, kodayake mutane kan karanta su yi murmushi. Abin da ke ruɗa jama'a shi ne adadin kuɗin da ake rubutawa a takardar. Wannan alkawari ne: mai tsayawa ya yarda zai biya gwamnati kuɗin in wanda ya tsaya wa ya gudu, kuma kotu ce ke karɓa. Ba a biyan ko kwabo a kanta. Mai zuwa beli ya taho da katin shaida, da hotuna ƙanana, da adireshin da za a iya tabbatarwa, ya rubuta takardar neman beli zuwa ga DPO, ya riƙe kwafe. Mace ma tana tsayawa. ACJA ta hana a ƙi ta don kawai ita mace ce. In an ce "a kawo na takarda", ka nemi ganin DPO da kansa. Sannan ka yi tunani kafin ka tsaya wa wanda ba ka san kwanansa ba, don ranar da ya ɓace kai za a tambaya.

Manyan laifuka, irin kisa da fashi da makami da garkuwa da mutane, ba a gama su a caji ofis. Ana tura su sashen binciken manyan laifuka na jiha, belinsu kuma sai Babbar Kotu. A irin waɗannan ne 'yan sanda ke neman majistare ya ajiye mutum a gidan yari kafin shawarar ma'aikatar shari'a ta fito. ACJA ta sa wa ajiyar wa'adin kwana 14 a karon farko, ba a sabuntawa sai da dalili, dokokin jihohi kuma sun ɗan bambanta a yawan kwanakin. A wannan rami mutane ke ɓacewa: fiye da rabin mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Dangi su riƙe ranar da aka ce a dawo da shi, su je kotun ran nan, su sa lauya ya bi fayil ɗin. Haka kuma doka ta ɗora wa manyan majistarori ziyartar wuraren tsare mutane duk wata, su duba rajista, su ba da beli inda ya dace. In ka ji ranar zuwansu, ka kai sunan naka.

Bindiga da taro

Sashe na 33 na tsarin mulki ya halasta amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya, ko kamu, ko hana tserewa, ko kwantar da tarzoma. A ganina ƙofar nan ta yi faɗi da yawa, kuma ta cikinta aka sha shigar da gawar marar laifi a ce ɗan fashi ne. Ƙa'idar rundunar kan harbi, mai lamba 237, an gyara ta a 2019, ta taƙaita kisa ga inda rai ke cikin haɗari nan take. Direban da ya ƙi ba da na goro bai shiga nan ba. Hukunci kan biyo baya, amma da nawa: matasa shida da aka kashe a Apo ta Abuja a watan Yunin 2005, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Wanda aka harba kuwa, ko wa ya harbe shi, a wuce da shi asibiti kai tsaye. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓarsa ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Taro da zanga-zangar lumana ba sa buƙatar izinin 'yan sanda. Bayan an tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa a watan Satumban 2003, jam'iyyun hamayya suka je kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa sharaɗin neman izini ya saɓa wa tsarin mulki. Sanar da su ake yi don su ba da tsaro.

In kai ne mai ƙara, ko kai aka zalunta

Ka kai ƙara a caji ofis ɗin yankin da abin ya faru, ka faɗi abin da ka gani kawai, ka karɓi sunan mai binciken. Kada ka ƙara gishiri, don ba da labarin ƙarya laifi ne. Kai ƙara kyauta ne. Za ka iya jin an ce babu mai a mota, kuma sau da yawa gaskiya ne: wanda ya ga barikin 'yan sanda da irin ɗakin da saje ke zaune da iyalinsa ya san ba duka mugunta ba ce. Akwai kuma waɗanda ke kwana a daji suna rasa rayukansu saboda mu. Wannan bai halasta karɓar kuɗin beli ba, amma ya isa ya sa ka shiga da sallama.

In an take maka haƙƙi, ka bar baki, ka koma takarda. Ka rubuta koke: rana, lokaci, wuri, sunan jami'i ko lambarsa ko lambar mota, abin da aka yi, abin da aka karɓa, da shaidu. In ta banki ko ta na'urar POS aka karɓi kuɗin, ka adana rasit, babu shaidar da ta fi shi. Ka kai wa Eriya Kwamanda ko Kwamishina, ka tafi da kwafe biyu, a buga wa naka hatimin karɓa. Rundunar na da sashen amsa koke-koken jama'a da aka buɗe a 2015, akwai kuma kakakinta a kowace jiha. A waje da ita akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda tun 1976 take ba marasa hali lauya kyauta.

Babbar ƙofa ita ce Babbar Kotu, ta jiha ko ta tarayya. Sashe na 46 na tsarin mulki ya ba duk wanda aka take wa haƙƙi, ko ake shirin takewa, damar zuwa can kai tsaye, sashe na 35 kuma ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda ɗan'uwa, ko mata, ko wata ƙungiya su shigar a madadin wanda ke tsare, kuma tsufan lamari ba ya kashe ƙarar.

Kafin buƙatar ta taso, ka nemi inda ofishin agajin shari'a yake a babban birnin jiharku. Ka kuma haddace lambar mutum biyu da za su taso in ka kira, ka sa yaranka ma su haddace, don abu na farko da ake karɓa a kanta ita ce wayar da lambobin ke ciki.